Kafin ka zuba kuɗinka a oba-oba

Duk wanda sha'awar rediyon ham, wato rediyon da masu lasisi suke hira da juna da ita don sha'awa kawai, ta kama shi tambayarsa ta farko ɗaya ce, "wace oba-oba zan saya?", kuma kafin ka ba shi amsa ya riga ya turo maka hoton Baofeng UV-5R, wai ya gani a YouTube ana cewa ita ce ta 'yan koyo. To ni dai ra'ayina daban ne, kuma na san wasu za su ce na cika tsauri, amma a irin wuraren da muke zaune oba-oba ba ita ce abin farawa ba, ba ma ita ce ta biyu ba.

Ba wai na'urar ba ta aiki ba ne. Tana yi, ga araha, wajen dala 25 zuwa 30, tana bada wat 4 zuwa 5, tana kama daga megahaz 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa sama. Matsalar ita ce wannan zangon na VHF da UHF kusan sai inda ido zai iya hangowa yake zuwa, hannu da hannu a cikin gari mai gine-gine 'yan kilomitoci kaɗan ne ka gama. Waɗancan mutanen da kake kallo a bidiyo yawancinsu a Amurka ko Ingila suke, inda kusan kowane gari akwai rifita a kan dogon bene ko kan dutse, ita ce take karɓar 'yar siginarka ta sake watsa ta da ƙarfi zuwa nesa, shi ya sa mutum da 'yar na'ura a hannu yake hira da wanda ke wani gari. Mu nan fa? Ka fara tambaya tukuna ko akwai rifita ta 'yan ham mai aiki a garinku, ko akwai wani ma mai lasisi da za ka kira ya amsa. Idan babu, za ka saya, ka yi caji, ka murɗa ka murɗa, ba abin da za ka ji sai shuuu, bayan sati biyu ta koma kayan wasan yara.

Sannan akwai abin da masu bidiyon ba za su faɗa maka ba saboda bai shafe su ba. Duniya an raba ta shiyya uku a harkar mitoci, mu Afirka muna shiyya ta ɗaya tare da Turai da Gabas ta Tsakiya. A shiyyarmu zangon 'yan ham da ake kira mita 2 (da tsawon igiyar sigina ake sa wa zango suna) daga megahaz 144 ne zuwa 146, su kuwa Amurkawa nasu ya kai 148. Na santimita 70 namu 430 zuwa 440 ne, nasu 420 zuwa 450. Wato idan ka kwafi jerin mitocin wani Ba'amurke ka loda a na'urarka da manhajar CHIRP, ka fita daga gonarka ka shiga ta wasu ba ka sani ba. Ita kuma Baofeng ba ruwanta, duk inda ka sa ta za ta yi magana, ko mitar jami'an tsaro ce ko ta wani kamfani. Kuma kowa ya san halin da ake ciki a Arewa da kudancin Nijar, a tsayar da kai a shingen bincike a ga oba-oba a jakarka babu wata takarda, bayanin da za ka yi mai tsawo ne wallahi. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi haƙuri.

To da me za a fara? Da kunne.

Mu ai ba baƙi ba ne a sauraren gajeren zango, iyayenmu tun 1957 suke kama sashen Hausa na BBC, ga Jamus ga Muryar Amurka, kowa ya san yadda ake jan eriya ana karkata rediyo ana neman inda murya za ta fito fes. Abin da ya rage kawai shi ne 'yan ham ba da AM suke magana ba irin na gidajen rediyo, da wani salon aika murya da ake kira SSB suke yi, shi ya sa idan ka bi ta kan zangon mita 20 ko 40 da Kchibo ɗin gidanku za ka ji wata murya kamar ta agwagwa ba ka gane komai. Ba rediyon ce ta lalace ba, ba ta da SSB ne. Rediyo irin Tecsun PL-330 ko PL-660 suna da shi, ka ɗaura musu waya mai tsawon mita goma ka jefa kan bishiya da yamma, ka je tsakanin megahaz 14.150 da 14.350, za ka ji Italiyawa da Sifaniyawa da Rashawa suna ta CQ, wato kiran duk wanda yake ji ya amsa.

Kai kafin ma ka kashe ko sisi, akwai WebSDR. Rediyo ce da wasu suka jona da intanet kowa ya shiga ya murɗa da wayarsa, wadda ta fi suna ita ce ta jami'ar Twente a Holan, akwai kuma ɗaruruwan KiwiSDR a ƙasashe daban-daban. Data kawai za ka ci. A nan za ka koyi yadda ake kira da yadda ake amsawa, yadda ake faɗin lambar kira harafi-harafi, Alfa Bravo Charlie, me ake nufi da 59, me ake nufi da QSL da 73. Kuma a nan ne za ka gane ko da gaske kana son abin ko kuwa zumuɗi ne, domin gaskiya ba kowa ne zai iya zama awa guda yana sauraren dattawa suna faɗa wa juna ƙarfin sigina da yanayin garinsu ba.

Idan ka ga abin ya shiga ranka, kayan farko da zan ce ka saya shi ne RTL-SDR, ɗan abu ne kamar filash da ake sokawa a kwamfuta ko a waya mai Android da kebul ɗin OTG, wajen dala 30 zuwa 40. Asalinsa na kallon talabijin ne, wajen 2012 wasu masu ƙwaƙwa suka gano za a iya mayar da shi rediyo mai kama kusan komai har zuwa megahaz 1700. Ka nemi V3 ko V4 na RTL-SDR Blog don su suna kama gajeren zango, kuma ka kula jabu sun yi yawa. Da manhajar SDR++ ko SDR# za ka riƙa ganin siginoni da idonka a allo suna gangarowa, ba lalube a duhu ba.

Ga wani abu da nake ganin mu ya fi dacewa da mu fiye da kowa, amma ba a cika maganarsa ba. A watan Nuwamba 2018 aka harba tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, a cikinsa akwai sashen 'yan ham da ake kira QO-100. Shi ba ya yawo, a tsaye yake wuri guda a sama wajen digiri 26 gabas, daidai gefen da Arabsat yake, kuma yana rufe tun daga gabashin Barazil har Tailan, Afirka gaba ɗaya tana ciki. Don saurare ba ka buƙatar komai sai dish na santimita 80 ko 90 da LNB irin na kallon ƙwallo, da RTL-SDR ɗinka, da ɗan abin da zai tura wa LNB wutar bolt 12 ta cikin kebul. Siginar tana saukowa ne wajen megahaz 10489, LNB ya cire 9750, sai ka same ta a wajen 739 a allonka. Duk mai saita dish a unguwarku ya san inda Arabsat yake, minti goma ya gama maka. Ba dare ba rana akwai mutane a kai, babu ruwanka da yanayin sama. Yin magana ta cikinsa kuwa wani aiki ne daban, sai da kayan gigahaz 2.4 da lasisi, wannan sai nan gaba.

Maganar lasisi ba zan ja ta ba. Saurare kyauta ne, amma danna maɓallin magana sai da izinin hukumar da ke kula da mitoci a ƙasarka, ita za ta ba ka lambar kira. Ta Najeriya da 5N take farawa, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. A Najeriya akwai ƙungiyar 'yan ham ta NARS wadda take cikin IARU, ƙungiyar duniya da aka kafa a Faris a 1925, ka nemi 'yan cikinta su nuna maka hanya. Kuma ka sani tun yanzu, ba a kasuwanci a wannan zango, ba a sa waƙa, ba a magana a ɓoye da wasu lambobin sirri, ba kuma gidan rediyo ba ne da za ka buɗe kana wa'azi ko siyasa. Wanda wannan yake nema ya ɓata hanya.

Yanzu a ce takarda ta fito. Inda mutane suke shi ne HF, wato gajeren zango, megahaz 3 zuwa 30, domin shi siginarsa sama take tafiya ta daki wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a nesa, babu rifita babu intanet. Rediyo uku ne sunansu yake yawan fitowa, kuma kowace da halinta.

Xiegu G90 'yar China ce, wat 20, wajen dala 450, tana da tuna a ciki mai kyau sosai da take daidaita kusan duk wayar da ka ɗaura mata, ba ta cin wuta, ƙaramin batir ya ishe ta. Allonta ƙarami ne, mai matsalar ido zai sha wahala. Yaesu FT-891 wat 100 ce, ƙarama mai ƙwari, kuɗinta ya ɗara na G90, amma ba ta da tuna a ciki kuma komai nata a cikin menu yake a binne, sai ka danna ka danna kafin ka canza abu ɗaya. Sai Icom IC-7300 da ta fito a 2016 ta canza kasuwar gaba ɗaya, wat 100, allo babba na taɓawa, tuna a ciki, kebul ɗin USB guda ɗaya ya haɗa ta da kwamfuta, ita kam dala dubu ce zuwa sama, in ka juya shi zuwa naira ko sefa sai ka nemi wuri ka zauna.

Mutane suna ruɗuwa da maganar wat. Daga 20 zuwa 100 ninki biyar ne a takarda, amma a kunnen wanda ke saurarenka a can bambancin desibel 7 ne kacal, ɗan sama da layi ɗaya a ma'aunin sigina. Ana ji, ba a ce ba a ji ba, musamman ranar da sama ta ƙi, amma bai kai yadda ake zato ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sabon shiga ya fara da 'yan ƙananan nan masu wat 5 don araha, irin su (tr)uSDX. Kayan ƙwararru ne masu haƙuri da suka iya Morse, wato aika haruffa da ƙara gajere da dogo, kai da kake koyo za ka yi ta kira ba a amsawa, ba ka san ko eriya ce ko rediyo ce ko kai ne ba. Na hannu kuma, irin IC-718 ko tsofaffin Kenwood, ba laifi idan za a kunna a gabanka a gwada ƙarfin fitarta a kowane zango, in ba haka ba bar musu kayansu, domin transistocin ƙarshe idan suka ƙone samun mai gyara da kayan gyara a nan ba wasa ba ne.

Eriya kuwa a nan ne zancen yake, kuma abin daɗin shi ne ita ce mafi araha. Rediyon dala dubu a kan eriyar banza, G90 a kan waya mai kyau da aka ɗaga sama sai ta ba ta kashi. Kar ka sayi eriya, haɗa abarka. Mafi sauƙi ita ce dayifol, waya biyu masu tsawo ɗaya, kebul a tsakiya. Lissafin shi ne ka raba 143 da mitar da kake so a megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon duka a mita. Na 14.2 zai ba ka mita 10 da ɗan kai, wato biyar hagu biyar dama. Na 7.1 mita 20 ne, goma-goma. Wayar wayarin ta gida mai 1.5 ko 2.5 da ake sayarwa a Sabon Gari ko kowace kasuwa ta wadatar, guntun bututun roba ya zama abin raba su a tsakiya da bakin ƙarshe. Ka yanka da ɗan rara don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Idan fili ya yi kaɗan ka kafa gora ko dogon bututu guda ɗaya, tsakiyar a sama, ƙafafun su gangaro gefe biyu, tana aiki lafiya lau. Wanda gidansa dogo ne siriri kuma zai iya yin eriyar da ake jona wa kebul a ƙarshenta guda, waya mita 20 da taransifoma 49:1, wannan za ta ba shi zangon mita 40 da 20 da 15 da 10 a waya guda.

Tsayi yana da tasiri sosai. Dayifol ɗin zangon mita 20, wato ta 14.2, tana son ta kai kamar mita 10 daga ƙasa kafin ta riƙa jefa sigina nesa sosai, kuma ka nisanta ta da rufin kwano gwargwadon iko. Ta zangon mita 40 kuwa, wato ta 7.1, idan tana ƙasa-ƙasa sama take harbawa siginar ta dawo kusa, wanda ba aibu ba ne, da rana irin wannan ce za ta haɗa Kano da Zinder da Maraɗi da Sakkwato, inda oba-oba ko a mafarki ba za ta kai ba. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar waya ko gorarka ta kusanci wayar NEPA, ka auna idan ta faɗi ina za ta faɗa, an rasa rayuka a haka.

Kebul kuma, littafi zai ce maka mai om 50, RG-58 ko RG-213. RG-58 a HF ba matsala idan bai yi tsawo ba, amma a megahaz 145 mita 30 nasa yana cinye fiye da rabin ƙarfinka kafin ya kai eriya. Idan ba ka samu ba, kebul ɗin dish RG-6 mai om 75 yana yi da dayifol, SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, zai tsaya wajen 1.5 wanda ba komai ba ne, wahalarsa kawai ragarsa ta alminiyom ce ba ta kama dalma, sai ka yi amfani da kan F da adafta. Ka naɗe kebul ɗin zagaye kaɗan a gindin eriya ko ka sa ɗan akwatin da ake kira balun 1:1 don kar sigina ta biyo bayan kebul ta dawo ɗaki. Sannan ka sayi NanoVNA, wajen dala 50, shi zai nuna maka mitar da eriyarka ta faɗa a kai, ka san ko ragewa za ka yi ko ƙari, maimakon ka yi ta hawa kana sauka kana canka.

Sai wuta, wadda ita masu bidiyon Turai ko ambatonta ba sa yi. Rediyo mai wat 100 tana jan am 20 zuwa 23 a bolt 13.8 lokacin magana, a saurare kuwa am ɗaya ko biyu ne. Wato ko dai ka sayi abin bada wuta mai am 30, ko ka tafi kai tsaye kan batir, kuma ni batir nake ba kowa shawara, don wutar da take zuwa tana hawa tana sauka ko ta ƙaramin janareta ba abin da za ka jona wa kayan dala dubu ba ne. Batirin lithium LiFePO4 mai bolt 12.8 ya fi, yana riƙe ƙarfinsa har ya kusa ƙarewa, na ruwa kuwa da ka danna magana sai ya zube ƙasa da 12, rediyo ta rage ƙarfi ko muryarka ta riƙa fita a dagule. Waya mai kauri, gajera, da fiyus kusa da kan batir. Kar ka juya ja da baƙi, sau ɗaya ake yin wannan.

Babban abokin gabarka dai hayaniyar lantarki ce. Inbata, da cajin-kwantirola na sola musamman MPPT mai araha, da ƙwan LED, da cajar waya ta ɗari biyar, duk suna zubar da ƙara a gajeren zango, naka da na maƙwabta. Za ka ga ma'aunin sigina ya tsaya a 8 ko 9 babu kowa a kai, duk wanda bai kai wannan ƙarfin ba ya nutse. Gwajin mai sauƙi ne, ka sa rediyo a batir ka kashe komai na gidan har inbata, idan ƙarar ta faɗi to ɓarawon a gida yake, ka riƙa kunna abu ɗaya-ɗaya har ka kama shi, wani a canza shi wani a naɗa wayarsa a zoben ferayit. Abin dariyar shi ne lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa kafin a tada janaretoci, a lokacin ne zango yake yin tsit ka ji tashoshin da ba ka taɓa ji ba, ɗan ham ne kaɗai yake murna idan an ɗauke wuta. Shi ya sa na ce ka fara da RTL-SDR ko Tecsun, da su za ka auna hayaniyar gidanku kafin ka sayi babbar rediyo, idan abin ya yi muni ka san G90 da batir a jaka zuwa bayan gari ko gona ita ce mafitarka ba IC-7300 a kan tebur ba.

Da damina, da ka ga hadari ya haɗo ka cire kebul daga rediyo ka ajiye shi nesa, kashe rediyo kawai ba ya hana komai. Da hunturu ma haka, iskar nan mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ka ji tana tas-tas a bakin kebul, ga ƙurar da take shiga fanka, ka riƙa rufe kayanka da ƙyalle. Ka kafa ƙarfen ayin a ƙasa kusa da inda kebul yake shiga ɗaki.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ko yake jin nauyin magana, akwai FT8, Joe Taylor wanda ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993 shi da Steve Franke suka fito da shi a 2017. Kwamfuta ce take musayar gajeren saƙo duk daƙiƙa 15 ta manhajar WSJT-X, tana ciro siginar da kunne ba ya ji sam, a zangon mita 20 a 14.074 ake yi. Da wat 20 da waya za ka kai nahiyoyi. A nan IC-7300 ta fi sauƙi don USB kawai za ka soka, G90 da FT-891 sai ka ƙara ɗan akwatin sauti a tsakani. Agogon kwamfutarka dole ya zama daidai, ya kauce da daƙiƙa biyu ba za ka ga kowa ba, kuma ka rage ƙarfi don yana ɗumama rediyo, ga zafin garinmu. Wasu tsofaffin hannu suna raina shi wai kwamfuta ce take hira da kwamfuta, ni ban ga laifinsa ba, duk da dai daɗin jin muryar mutum daban ne.

Oba-obar fa, idan ka riga ka saya kar ka yar. Tashar sararin samaniya ta ISS tana sauko da sigina a 145.800, wani lokaci 'yan sama jannati suna magana da 'yan makaranta, wani lokaci suna turo hotuna ta SSTV da za ka kara wayarka a lasifika manhajar Robot36 ta zana maka su, wucewarta ba ta fi minti goma ba, ka tsaya a fili ka karkata eriya. Kuma idan kun kai ku uku huɗu masu lasisi a gari ɗaya to ta yi amfani, a nan ma zan ce a ƙara kuɗi a ɗauki Yaesu FT-65 don kunnenta ya fi jure cunkoson sigina a cikin gari.

Ka shirya wa abu ɗaya ranar da za ka fara kiran CQ da lambar 5N ko 5U ko TT. Masu aiki daga ƙasashen nan ba su da yawa, su kuma Turawa da Japanawa da Amurkawa suna tara ƙasashe ne don neman lambar yabo ta DXCC, wadda take farawa daga ƙasa 100. Kana kira za su rufto maka gaba ɗaya a lokaci guda har ka rasa harafi ɗaya da za ka kama. Kar ka firgita ka kashe, ka ɗauki haruffa biyu da ka ji ka ce mai su kaɗai ya sake kira, ka ba shi rahoto, ka rubuta lambarsa da mita da lokaci a agogon UTC, wato ka cire awa ɗaya daga agogon Najeriya da Nijar, sannan ka wuce na gaba. Rajistar nan ka riƙe ta da kyau ka ɗora ta a shafin intanet na LoTW ko QRZ, don za su biyo ka da saƙo suna neman tabbaci ko bayan shekara nawa ne.